Tambaya da Amsa: Tessa Worley da Sana'ar Zamiya a Kan Ƙanƙara

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan mace guda suka taru, wato Tessa Worley, Bafaranshiyar da ta shafe shekara 17 tana tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara kafin ta ajiye a 2023. Yawancin masu tambayar daga Nijar suke, inda ake kama tashoshin Faransa, sai kuma ɗalibanmu da ke karatu a can. Kafin mu shiga, ga kalmomi biyu da za mu riƙa amfani da su. "Allo" shi ne dogon siririn abin nan da ake ɗaurawa a kowace ƙafa, wanda Faransawa ke kira ski. "Ƙofa" kuwa ita ce tutar da ake kafawa a kan gangaren dutse, wadda dole mai tsere ta kewaya.

Wani mai karatu daga Damagaram ya ce: Ina yawan jin sunanta a labaran wasanni. Wace ce ita, kuma me ta ci?

Malam, an haife ta ranar 4 ga Oktoba 1989 a garin Annemasse, dab da iyakar Faransa da Suwizalan. Mahaifinta ɗan Ostireliya ne, mahaifiyarta Bafaranshiya, kuma koyar da zamiya ita ce sana'ar gidan. Saboda wannan aiki yarintarta ta rabu tsakanin Faransa da Niyu Zilan. Idan sanyi ya ƙare a arewacin duniya sai su bi shi zuwa kudanci, don haka ta tashi tana samun ƙanƙara sau biyu a shekara, tsararrakinta kuwa sau ɗaya. Daga baya ta zauna a kulob ɗin Le Grand-Bornand da ke yankin Haute-Savoie a tsaunukan Alps.

Ta fara shiga gasar Kofin Duniya, wato jerin tseren da ake yi a wurare daban-daban duk kakar sanyi ana tara maki, a 2006 tana shekara 16. Nasararta ta farko ta zo a Aspen ta Amurka a Nuwamba 2008, ta ƙarshe kuma a Lenzerheide ta Suwizalan a Maris 2022. Jimilla ta ci tsere 16, kuma dukansu a fanni guda ne, wanda ake kira babban silalom. Ta zama gwarzuwar duniya a wannan fanni sau biyu, a Schladming ta Ostiriya a 2013 da St. Moritz ta Suwizalan a 2017, bayan tagullar da ta samu a Garmisch ta Jamus a 2011. Ta kuma ɗauki kofin gilashin da ake bai wa wadda ta fi kowa maki a fannin a kakar wasa, a 2017 da 2022.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta ce: Ina ganinsu a talabijin suna gangarowa suna kauce wa tutoci, amma ban gane yadda ake fitar da wadda ta ci ba.

Malama, tseren gangaren dutse kashi huɗu ne manya. Akwai gangara zalla, wadda ta fi kowanne gudu, ana wuce kilomita 100 a awa. Akwai Super-G da ke biye mata. Akwai silalom, mai ƙofofi kusa da kusa, inda ake karkata hagu da dama ba numfashi. Sai babban silalom, wanda ke tsakiya, kuma masu horarwa ke ɗauka a matsayin uwar sauran, domin wadda ta iya lanƙwasa a cikinsa ta samu tushen komai.

Ga yadda ake shirya shi ga mata a Kofin Duniya. Bambancin tsayi tsakanin inda ake tashi da inda ake ƙarewa yana tsakanin mita 300 da 400. Yawan lanƙwasa kuwa ana lissafa shi daga wannan tsayin, kashi 11 zuwa 15 cikin ɗari. Wato gangare mai mita 350 zai ɗauki lanƙwasa tsakanin 39 da 52. Tutocin ja da shuɗi ne, ana jera su bi da bi, kuma tazarar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa ba ta gaza mita 10, galibi ma takan kai mita 25 ko fiye. Doka ta ce dole ƙafafu biyu da kan alluna biyu su ratsa ta layin ƙofar. Wadda ta tsallake ko da ɗaya ce, an cire ta.

Ba a gwajin hanyar da gudu kafin tsere. Abin da ake bari shi ne a duba ta da safe: 'yan wasa su sauko a hankali a karkace, suna tsayawa a kowace ƙofa, suna haddace inda gangaren ya karye, inda ya miƙe, da inda tuta ta ɓuya a bayan tudu. Shi ya sa za ki ga mai tsere a saman dutse ta rufe ido tana kaɗa hannuwa kamar mai koyon iyo. Hanyar ce take bi a zuci.

Ana saukowa sau biyu a rana ɗaya, kowane zagaye da jerin ƙofofinsa daban, kuma kowanne yana ɗaukar kamar minti ɗaya da 'yan sakan. Mutum ɗaya ke saukowa a lokaci guda. Da ƙafarta ta ture siririn sandan da ke bakin ɗakin tashi agogo ya fara, da ta ratsa hasken na'urar da ke ƙasa ya tsaya. Mutum 30 da suka fi sauri a zagayen farko su ke shiga na biyu, amma a juye: ta 30 ta fara, ta ɗaya ta zo ƙarshe. Sai a haɗa lokutan biyu. Ta ɗaya ta samu maki 100, ta biyu 80, ta uku 60, ana raguwa har ta 30 mai maki 1.

Wannan juyawar ba don annashuwar 'yan kallo kaɗai aka yi ta ba. Kowace mai saukowa tana ɗan tona hanyar, don haka wadda ta zo ƙarshe takan tarar da ramuka a gindin kowace tuta. Domin rage wannan ne ma'aikata ke cusa ruwa a cikin dusar kwanaki kafin tsere, ya daskare ya zama kamar daɓen siminti. Abin da kike gani fari sol a talabijin, mutum ba zai iya tsayawa a kansa da takalmin yau da kullum ba.

Tazarar lokacin ma tana ruɗar mai kallo. A gudun kilomita 70 a awa, mutum na cin kusan mita 19 da rabi a sakan ɗaya. Kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, wanda shi ake aunawa da shi, bai wuce tsawon tafin hannu ba. A St. Moritz a 2017 Worley ta riga Mikaela Shiffrin ta Amurka da sakan 0.34, wato kamar mita shida ko bakwai bayan sun yi gudun sama da minti biyu. A Schladming kuwa ta bai wa Tina Maze ta Sulobeniya ratar sakan 1.12, abin da ya haura mita 20. A wannan wasa, wannan ba cin tsere ba ne kawai, kaye ne.

Wani makaniki daga Kano ya ce: Na ga hotonta, 'yar ƙarama ce. Ai mai nauyi ya fi saurin gangarowa. Yaya take kayar da manya? Ko sirrin a kayan aikin yake?

Maigida, ka taɓo inda zancen yake. Gaskiya ne tsayinta bai kai mita 1.60 ba, kuma gaskiya ne a shimfiɗaɗɗen wuri nauyi na taimako. Amma a babban silalom ba a miƙe ake cin lokaci ba, a lanƙwasa ake ci, kuma a can ake zubarwa.

Bari mu fara da allon. Ba a miƙe gefensa yake ba. Gaba da baya suna da faɗi, tsakiya inda ƙafa take ya tsuke, bai wuce milimita 65 ba. A kowane gefe akwai siririn bakin ƙarfe mai kaifi. Idan aka kwantar da allon a kan gefensa aka danna shi da ƙarfi, sai ya lanƙwashe kamar baka, bakin ƙarfen ya yanki ƙanƙara ya bi da'ira da kansa, ba tare da an murɗa ƙafa ba. Wannan yankan shi ne gudu. Wadda ta kasa shi takan ja allon a karkace, ƙanƙara ta tashi kamar ƙura. Duk inda ka ga wannan farar ƙurar ta yi yawa, lokaci ne ke zubewa.

A kakar 2012 zuwa 2013 hukumar wasan ta duniya, FIS, ta sauya dokar allunan da nufin rage raunin gwiwa. Na mata ya tashi daga santimita 180 zuwa 188, da'irar da yake yanka da kansa kuma ta buɗe daga mita 23 zuwa 30. Ma'ana allon ya ƙara tsawo, ya ƙara taurin kai, ba ya son juyawa, alhali ƙofofin ba su yi nisa da juna haka ba. Sai mai tsere ta ƙara kwantar da shi, ta ƙara danna shi, kafin ya yarda ya matse da'irar. Da an bi lissafin ido, gajeriyar mace ce za ta fi shan wuya da allon da ya fi ta tsawo da kusan santimita 30. Amma a wannan kakar ta farko ta sabuwar dokar ce ta ci zinaren duniya, da ratar da muka ambata a sama.

Abin da ta fi saura da shi lokaci ne, ba ƙarfi ba. Lanƙwasa mai kyau tana farawa ne tun sama da tuta. Mai tsere ta kifa allunan a kan sabon gefe da wuri, ta ɗora kusan duk nauyinta a kan ƙafar waje, ƙaurinta na danne da harshen takalmi, ƙugu ya shiga ciki dab da ƙanƙara, kafaɗu kuwa su tsaya daidai suna duban gangare. Matsin ya kai ƙarshensa a daidai tuta ko kafin ta, sannan a saki allon ya harba mutum zuwa ta gaba kamar gwafa. Gajeriyar ƙafa tana sauya gefe da sauri, kuma jiki na kusa da ƙasa. Shi ya sa gwanintar Worley ta fi fitowa a gangare mai tsauri da ƙanƙara mai tauri, inda wasu ke ja da baya don tsoro.

Kurakuran da ke kayar da mutane sanannu ne. Na farko makara: a fara lanƙwasa bayan an wuce tuta, sai a ƙarasa ta a ƙasa ana yaƙi da gangare, a iso ta gaba a makare fiye da da, har bashin ya taru a kasa biya. Na biyu jingina ciki: kafaɗa ta bi ƙugu, nauyi ya koma ƙafar ciki, allon waje ya rasa mai danna shi ya sulale. Na uku zama baya, inda kan allon ke rasa riƙo. Akwai kuma wanda kayan aiki ke jawowa: idan aka kwanta sosai gefen takalmi na iya taɓa ƙanƙara ya ɗaga bakin ƙarfen. Saboda haka ake sa faranti tsakanin allo da takalmi don a ɗaga ƙafar, amma doka ta hana tsayin ya wuce milimita 50, domin yawan ɗagawa na ƙara wa gwiwa nauyi.

A matsayinka na mai sana'ar hannu, wannan zai burge ka. Kowace babbar 'yar wasa tana da ma'aikacin da ba ya komai sai gyaran allunanta. Da dare yakan ɗaure allo a kan teburi, ya bi gefen da magagari da dutsen wasawa, yana fitar da kusurwa galibi wajen digiri 87, ya ɗan zaftare ƙasan da abin da bai kai digiri ɗaya ba. Sai ya narkar da kaki da dutsen guga a cikin allon, ya bari ya huce, ya kankare, ya goge da buroshi. Irin kakin ya danganta da sanyin dusar da damshinta. Kaifi ya yi yawa a dusa mai taushi, allon ya riƙe ya ƙi saki. Ya yi kaɗan a ƙanƙara mai tauri, ya zame. Worley da allunan kamfanin Rossignol ta yi tserenta, amma irin su ne a ƙafar wasu da dama da ba su taɓa hawa dandamali ba.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Zariya ta ce: Na ji ta taɓa samun mummunan rauni. Wane iri ne, kuma me ya sa ya yi yawa a wasan?

'Yar'uwa, ranar 15 ga Disamba 2013 ta ci tsere a St. Moritz. Kwana biyu bayan haka, a silalom na Courchevel a ƙasarta, ta faɗi, jijiyar gaba da ke gicciye a cikin gwiwarta ta tsinke. Saura ƙasa da wata biyu a buɗe gasar Olamfik ta Sochi a Rasha, ita ce kuma gwarzuwar duniya mai ci. Haka gasar ta wuce ta.

Dalilin yawan wannan rauni a cikin kayan yake. Takalmin zamiya roba ce mai tauri da ta kulle idon sawu har tsakiyar ƙauri, don haka duk murɗawar da ta taso daga allo ba ta da wurin fita sai gwiwa. Allon kuma dogo ne, yana aiki kamar dogon sifana a kan ƙaramin noti. Abin da ya fi faruwa shi ne allon waje ya zame na ɗan lokaci, mai tsere ta miƙa ƙafa don ta same shi, sai bakin ƙarfen ya cafki ƙanƙara farat ɗaya ya fizge ƙaurin ciki. Maɗaurin da ke riƙe takalmi an yi shi ne ya saki idan an faɗi, amma 'yan tsere suna ɗaure nasu tamau, domin sakin allo a tsakiyar gudu shi ma haɗari ne.

Jijiyar ba a ɗinke ta yadda take. Ana ɗauko wani yanki daga jijiyar bayan cinya ko ta ƙoƙon gwiwa a dasa a madadinta, sannan a yi wata shida zuwa tara ana gina naman cinya kafin a koma kan dusa. Komawa daban, yarda da ƙafar daban. Worley ta dawo a kakar da ta biyo baya, amma ta yi kaka biyu cur ba ta ci tsere ko ɗaya ba. Sai a Nuwamba 2016 a Killington ta Amurka, kusan shekara uku bayan raunin, ta sake zuwa ta ɗaya. Ta ƙara da Sestriere da Maribor, ta ɗauki zinaren duniya da kofin gilashi duk a wannan kakar. A ganinmu wannan ce shekarar da ta fi nuna ko ita wace ce, domin rabin nasarorinta 16 bayan tiyatar suka zo.

Wani ɗalibi daga Tawa da ke karatu a Grenoble ta Faransa ya ce: Duwatsun na gabana kullum. Ta ina zan fara?

Ɗan'uwa, kada ka bari abokai su hau da kai sama ranar farko. Nemi malamin makarantar koyon zamiya ta Faransa, ESF, masu jajayen kaya, akwai su a kusan kowace tasha, har da Chamrousse da ke kusa da kai. Hayi kaya, kada ka saya. Allon ɗan koyo ya tsaya maka wajen haɓa. Faɗa wa mai shagon nauyinka da tsayinka na gaskiya, ka ce masa kai sabon shiga ne, domin da su yake saita maɗauri ya saki da wuri. Takalmi ya kama ƙafa ba tare da yatsu sun murƙushe ba, da safa guda ɗaya tak. Sa hular kwano da tabarau, hasken rana a kan dusa yana ƙona ido. Hanyoyin suna da launi: kore, shuɗi, ja, baƙi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Zauna a kore har sai ka iya tsayawa inda ka ga dama, ta hanyar haɗa kan allunan gaba ka buɗe bayansu.

Wani mai karatu daga Yamai ya ce: Ba ta taɓa cin lambar Olamfik ba. Anya za a sa ta cikin manyan Faransa?

Malam, gaskiya ne ba ta ci ba, kuma giɓi ne na gaske. Sochi rauni ya hana ta. A Pyeongchang a 2018 ta zo ta bakwai. A Beijing a 2022, inda ta riƙe wa Faransa tuta a bikin buɗewa, ta faɗi a zagaye na biyu. Idan da lambar Olamfik kaɗai za a auna, Marielle Goitschel na gaba da ita nesa: zinaren babban silalom a Innsbruck a 1964, inda yayarta Christine ta ci na silalom, sannan zinaren silalom a Grenoble a 1968. Carole Montillet ma ta ci zinaren gangara a 2002. A yawan nasarorin Kofin Duniya kuwa Carole Merle ce kan gaba a matan Faransa da 22.

Amma Olamfik rana ɗaya ce a shekara huɗu, minti biyu da 'yan kai. Kofin gilashi kuwa ana tara shi ne daga Oktoba a Sölden har Maris, a dusa mai tauri da mai taushi, a hazo da rana, a nahiyoyi biyu. Mu da ma'aunin nan muka fi yarda, kuma a kansa Worley ta ci tsere tana shekara 19, ta ci tana 32, da alluna iri biyu, da gwiwa kafin tiyata da bayanta, a gaban Maze, da Shiffrin, da Federica Brignone ta Italiya. Kofin 2022 ma sai a tseren ƙarshe a Méribel ta Faransa ta karɓe shi daga hannun Sara Hector ta Suwidin, wadda ita ce ta ci zinaren Beijing wata guda da 'yan kwanaki kafin nan.

A wannan gangaren na Méribel aka yi gasar duniya ta 2023. Worley ta kammala zagayen farko tana ta biyu a bayan Shiffrin, gaban jama'ar ƙasarta. A zagaye na biyu ba ta sauko don kare azurfa ba, zinare ta nema, ta faɗi kafin ta kai ƙasa. Wata guda bayan haka, ranar 19 ga Maris, ta yi tserenta na ƙarshe a Soldeu ta Andora, dutsen da ta taɓa cin nasara a kansa a 2012.